Yaya filasma za ta haura digiri 30,000 kuma ta taɓa fata ba ta ƙona ba?

Tambayar da ka aiko ita ce: ka ji ana cewa akwai nau'in filasma da zafin elektiron ɗin cikinta ke haura digiri 30,000, amma kuma ana iya kai ta kan fatar mutum ko kan leda ba tare da ta ƙona komai ba, kana son ka san ko maganar ba ta cin karo da kanta, kuma in gaskiya ce, wane aiki injiniyoyi ke yi da ita. Maganar gaskiya ce, ɗan'uwa, kuma babu cin karo a cikinta. Abin da ke rikita mai karatu shi ne sabon da muka yi da cewa kowane abu yana da ma'aunin zafi guda ɗaya, alhali wannan filasma tana da ma'auni biyu ko uku a lokaci guda, a wuri guda. Wannan rashin daidaito shi ne dukkan amfaninta, kuma aikin injiniya a wannan fanni, daga farkonsa har ƙarshensa, shi ne hana daidaiton ya dawo.

Filasma iskar gas ce da aka fizge elektiron daga wasu atam ɗinta, ta zama cakuɗen elektiron masu yawo a sake, da ayon masu caji, da sauran atam da molikul da ba a taɓa ba. William Crookes ya yi bayanin wannan yanayi a 1879, Irving Langmuir kuma ya sa masa sunan da muke kiransa da shi a 1928. A wutar walda da walƙiya, elektiron da ayon da gas duk zafinsu ya kusa zama ɗaya, digiri dubu goma ko fiye, shi ya sa suke narka ƙarfe. Wannan ita ce filasma mai daidaiton zafi. Wadda kake tambaya a kai kuwa ita ce marar daidaito, wadda ake kuma kira filasma mai sanyi, inda elektiron kaɗai ke da zafi, gas ɗin da suke ratsawa kuma ya tsaya kusa da zafin ɗaki.

Tushen abin yana cikin bambancin nauyi. Idan aka sa filin lantarki a cikin gas, elektiron ne ke fara kwasar kuzari daga gare shi, domin shi ne mafi sauƙi da saurin motsi. Nauyin furoton ya ninka na elektiron sau 1,836, atam ɗin argon kuwa ya ninka shi kusan sau 73,000. Ka ɗauki tsakuwa ka jefi ƙaton dutse da ita: tsakuwar za ta dawo da kusan duk gudun da ta je da shi, dutsen kuwa ko motsi ba zai yi ba. Haka karon elektiron da atam yake. A kowane karo irin wanda ba ya canza cikin atam ɗin, matsakaicin kason kuzarin da elektiron ke bari kusan ninki biyu ne na nauyinsa a kan nauyin atam, wanda a argon ya kama kusan kashi ɗaya cikin 37,000. Ke nan sai elektiron ya yi karo dubbai masu yawa kafin ya miƙa wa gas kuzarinsa, kuma a tsakanin kowane karo da na gaba filin lantarki yana sake ɗura masa wani. Ayon kuwa nauyinsa ɗaya da atam ɗin da ya fito daga cikinsa, don haka cikin karo kaɗan yake raba abin da ya samu, ya koma zafin gas. Gas ɗin kuma yana zubar da ɗan zafin da ya karɓa a jikin bangon na'ura. Muddin zubarwar ta fi karɓar sauri, ratar ba za ta rufe ba.

Saura dalilin da ya sa ba ta ƙona hannu. Ma'aunin zafi yana faɗin matsakaicin kuzarin ƙwaya ɗaya ne, ba ya faɗin yawan ƙwayoyin. A filasma mai sanyi, sau da yawa atam ɗaya ne cikin dubu goma, ko ma cikin miliyan, aka fizge wa elektiron. Ɗauki misalin ɗaya cikin miliyan: ko da kowane elektiron ya fi kowane atam kuzari sau ɗari, jimillar abin da elektiron ke ɗauke da shi kusan kashi ɗaya ne cikin dubu goma na zafin da gas ɗin ke da shi tun asali. Fata tana jin zafin gas ne, domin shi ne mai yawa. Dogon ƙwan fitila na fulorasen shaida ne da kowa ya sani: zafin elektiron ɗin cikinsa yana kusa da digiri 11,000, amma gilashinsa ɗumi kawai yake yi, kusan digiri 40 a ma'aunin Salsiyas.

Masu wannan aiki ba su cika lissafi da digiri ba, da elektironbolt suke yi, wanda kowane ɗaya yake daidai da kusan kelbin 11,600. Da wannan ma'auni ne amfanin filasma mai sanyi ke fitowa fili. Ɗaurin da ke haɗe da atam biyu na molikul ɗin oksijin yana buƙatar kusan elektironbolt 5 kafin ya tsinke, na naitirojin kusan 9.8, fizge elektiron daga argon kuma kusan 15.8. Idan da zafi za ka tsinke waɗannan ɗaure-ɗaure, sai ka kai gas ɗin gaba ɗaya digiri dubbai, ka lalata duk abin da ke kusa. Elektiron mai matsakaicin kuzarin elektironbolt 2 zuwa 5 kuwa yana yin wannan aiki a cikin gas mai sanyi, yana samar da gutsattsarin molikul masu ƙishin haɗuwa da wani abu, da atam masu fitar da haske, da ayon. An raba sinadarin zafi da zafin kansa ke nan.

A nan akwai abin da ɗalibai ke yawan tsallakewa, kuma ina ganin shi ne ya raba wanda ya fahimci fannin da wanda ya haddace shi. Idan matsakaicin kuzari 3 ne, kuma ana buƙatar 15.8 don samar da sabon ayon, to ba matsakaitan elektiron ne ke raya filasmar ba, 'yan tsirarun da ke can ƙarshen jeri ne, waɗanda kuzarinsu ya yi wa na sauran fintinkau. Yadda kuzari ke rarrabuwa tsakanin elektiron ɗin sau da yawa ba ya bin tsarin Maxwell da aka saba da shi a gas mai daidaito, abin da Druyvesteyn ya nuna tun 1930, kuma ɗan canji a wannan wutsiya yana iya ninka saurin wani haɗin sinadari sau goma. Don haka ko kalmar "zafin elektiron" ma kimantawa ce kawai. Mai son lissafi na gaske sai ya warware lissafin Boltzmann, yana amfani da bayanan yiwuwar kowane irin karo a gas ɗin da yake aiki da shi. Abin da ke juya wannan rabo shi ne ƙarfin filin lantarki idan aka raba shi da yawan ƙwayoyin gas, wanda ake aunawa da ma'aunin da aka sa wa sunan John Townsend. Idan wannan adadi ya yi ƙasa, yawancin kuzarin na tafiya ne ga girgiza molikul. Idan ya ɗaga, sai ya koma tsinke su da fizge musu elektiron. A iskar da muke shaƙa, wuta na ɓarkewa ne a kusan tawunsen 120, wato kusan bolt 30,000 a kowace santimita. Injiniya na zaɓar inda yake son kuzarinsa ya faɗa ta hanyar zaɓar wannan adadi.

Riƙe rashin daidaito abu ne mai sauƙi idan an zuƙe iska an rage matsi, domin karo yana raguwa. A matsin sararin da muke ciki, molikul ba ya tafiyar da ta kai kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita kafin ya yi karo, a matsin faskal ɗaya kuwa, wato kusan kashi ɗaya cikin dubu ɗari na matsin sarari, yana tafiyar milimita da dama. Friedrich Paschen ya nuna a 1889 cewa boltin da ake buƙata don tayar da wuta ya dogara ne da matsi idan an ninka shi da tazarar da ke tsakanin sandunan lantarki biyu, kuma a iska mafi ƙarancinsa ya ɗan haura bolt 300. Amma famfon zuƙe iska da ɗakin ƙarfe marar yoyo suna da tsada, kuma ba za ka sa ruwa ko ƙafar majiyyaci a cikinsu ba. Shi ya sa ake fafutukar samar da filasma mai sanyi a buɗaɗɗiyar iska, kuma a nan gizo ke saƙar. A cikakken matsi, da zarar wani ɗan wuri ya ɗan fi zafi, gas ɗinsa zai buɗe, yawan ƙwayoyinsa ya ragu, adadin tawunsen da muka ambata ya ɗaga, elektiron su ƙaru, wuta ta ƙara kwarara ta nan, wurin ya ƙara zafi. Kafin ƙiftawar ido filasmar ta tattare ta zama siririn zare mai ƙuna irin na walda.

Dabarar farko ta magance wannan ta girmi sunan filasma da shekara saba'in. A 1857 Werner von Siemens ya sa gilashi tsakanin sandunan lantarki, ya ba su wuta mai juya alƙibla. Da zarar ɗan zaren wuta ya tashi, caji na taruwa a fuskar gilashin ya soke filin da ya haife shi, sai ya mutu cikin 'yan nanodaƙiƙa (kowace ɗaya kashi ɗaya ce cikin biliyan na daƙiƙa), tun gas bai ɗumama ba, wani kuma ya tashi a gefe. Da wannan na'ura ya samar da ozon, wato oksijin mai atam uku, wanda zafi ke rusawa, don haka ba a iya yinsa da yawa sai a filasma mai sanyi. Birnin Nice na Faransa ya fara tsabtace ruwan sha da ozon a 1906, kuma har yau manyan injinan ozon a kan wannan tsari suke. Dabara ta biyu ita ce a ba da bolt mai yawa na ɗan lokaci ƙanƙani, nanodaƙiƙa goma ko ɗari, a yanke kafin zaren ya kafu. Ta uku ita ce a hura gas kamar hiliyom ko argon ta cikin siririn bututu, kwararar ta riƙa kwashe zafi. Duka ukun manufarsu ɗaya, wato a ba elektiron lokacin yin aikinsa, a hana gas lokacin yin zafi.

Babban aikin da filasma mai sanyi ke yi a duniya, wanda babu abin da zai maye gurbinta a cikinsa, shi ne ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayar hannu, kuma sirrinsa yana bakin filasmar ne, inda ta haɗu da bango. Da yake elektiron sun fi ayon gudu nesa ba kusa ba, su ne ke fara isa duk wani abu da filasma ta taɓa, su ba shi caji mai korar 'yan'uwansu. Sai wani siririn fili ya samu tsakanin filasma da bangon, wanda ake kira kube, kaurinsa daga ƙasa da milimita zuwa kusan santimita, inda elektiron suka yi ƙaranci, filin lantarki kuma ya yi ƙarfi yana fuskantar bangon kai tsaye. Duk ayon da ya iso bakin kube, kuma David Bohm ya nuna a 1949 cewa dole ya iso da wani mafi ƙarancin gudu, sai filin ya fizge shi ya buga shi a kan bangon a miƙe, da kuzarin elektironbolt goma-goma zuwa ɗari-ɗari. Idan faifan silikon ne a wurin, to an samu ruwan ayon mai sauka a tsaye, ba ya karkata.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Sinadarin ruwa yana cin silikon ta kowace fuska, yana zurfafa rami yana kuma faɗaɗa shi ta ƙarƙashin abin da aka rufe, don haka ba ya iya sassaƙa layin da faɗinsa ya gaza kaurinsa. A 1979 John Coburn da Harold Winters na kamfanin IBM suka yi gwajin da ya bayyana abin da ke faruwa a filasma. Sun hura wa silikon gas mai fulorin shi kaɗai, ya ci kaɗan. Sun buge shi da ayon ɗin argon su kaɗai, suka ci kaɗan. Da suka haɗa biyun, saurin cin ya ninka jimillarsu kusan sau goma. Ke nan a gindin rami, inda ayon ke sauka, silikon na tafiya da sauri, a jikin bangon rami kuwa, inda ayon ba sa taɓawa, kusan ba ya motsi. Haka ake samun ramuka masu miƙaƙƙen bango da faɗinsu bai wuce nanomita kaɗan ba (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita). Kamfanin Bosch ya faɗaɗa dabarar a shekarun 1990 ta hanyar musanya gas mai ci da gas mai shafe bango da kariya, kuma da ita ake sassaƙa ƙananan na'urorin jin motsi da ke cikin waya da mota. Injinan filasma na wannan sassaƙa yawanci suna aiki ne da wuta mai juyawa sau miliyan 13.56 a daƙiƙa, adadin da aka keɓe wa masana'antu don kada su dame sadarwar rediyo, kuma yana da wata fa'ida: elektiron na iya bin wannan juyi, ayon masu nauyi ba sa iyawa, matsakaicin filin kawai suke ji. Da filasmar ne kuma ake shimfiɗa sirarran rufi. Rufin silikon naitirayid da tanderu ke buƙatar digiri 700 zuwa 800 kafin ya yi, filasma na yinsa a digiri 300 zuwa 400, zafin da wayoyin alminiyom da aka riga aka shimfiɗa za su jure. Shuɗin launin da kake gani a fuskar farantan sola da yawa irin wannan rufi ne.

Sauran ayyukan zan ratsa su da sauri. A ƙwan fulorasen, elektiron na zuga atam ɗin zaiba su fitar da hasken ultirabayolet mai tsawon nanomita 254, hodar da ke jikin gilashi ta mai da shi farin haske. Ledar da ake buga wa rubutu ana ratsa ta da filasma tukuna, in ba haka ba tawada ba za ta kama ta ba. Frederick Cottrell ya ƙirƙiro na'urar kama ƙurar hayaƙin masana'antu da caji a 1907. Lezar kabon dayoksaid da Kumar Patel ya ƙirƙiro a 1964 misali ne mai kyau na ma'aunin zafi na uku, wato zafin girgizar molikul: elektiron na girgiza molikul ɗin naitirojin, su kuma su miƙa girgizar ga kabon dayoksaid domin matakan kuzarinsu sun kusa zama ɗaya, sai zafin girgiza ya kai dubbai alhali gas bai kai haka ba. A sararin samaniya kuma, injin Hall mai tura tauraron ɗan'adam, wanda Tarayyar Sobiyat ta fara harbawa a 1971, yana tsare elektiron da maganaɗisu, ya fesa ayon ɗin zenon da gudun kilomita 15 zuwa 20 a daƙiƙa, alhali rokar man sinadari ba ta wuce kusan 4.5. Turinsa ƙanƙani ne, kamar nauyin giram kaɗan, amma yana aiki na dubban sa'o'i, kuma taurarin ɗan'adam masu yawa da shi suke gyara hanyarsu.

Akwai inda nake jan hankalinka ka yi taka-tsantsan da zumuɗin da ake yi. Ana yawan maganar amfani da filasma wajen yin takin zamani daga iska, ko farfasa kabon dayoksaid a mai da shi mai. Tunanin yana da tushe, domin girgiza molikul mataki-mataki hanya ce mai arha ta tsinke shi. Amma tarihi yana da gargaɗi. Kristian Birkeland da Sam Eyde sun fara haɗa naitirojin da oksijin da wutar lantarki a Norway a 1903, da filasma mai zafi, kuma tsarin Haber da Bosch na haɗa amoniya don taki, wanda ya fara aiki a Jamus a 1913, ya kore su daga kasuwa, duk da cewa yana buƙatar digiri 400 zuwa 500 da matsi mai ninka na sarari fiye da sau ɗari, saboda makamashin da yake ci a kan kowane ma'aunin naitirojin ya gaza nasu ninki da yawa. Matsalar filasma mai sanyi a cikakken matsi ita ce karo na mayar da girgizar ta zama zafi kafin ta yi aiki, kuma elektiron bai san sabon molikul da aka haɗa da tsohon ba, duka yake farfasawa. A ganina, inda ake sayar da kaya da tan-tan, kowane yunit na wuta yana shiga farashi, filasma na da jan aiki a gabanta. Damarta ita ce ƙaramar na'ura da ake kunnawa a kashe nan take gwargwadon samuwar wutar rana ko ta iska, abin da ƙatuwar masana'antar Haber ba ta iyawa cikin sauƙi. Inda kuwa zafi zai lalata kayan, ko daidaiton aikin ya fi kuɗin wuta daraja, ba ta da abokin karawa.

Batun lafiya, wanda shi ne ya jawo tambayarka, yana tsakanin waɗannan biyun. Asibitoci sun daɗe suna amfani da tururin haidirojin faroksaid haɗe da filasma don tsabtace kayan aikin da ba sa jure tafasa. A Jamus, bincike a birnin Greifswald ya kai ga na'urar fesa filasmar argon da aka amince da ita a matsayin kayan asibiti a 2013, ana amfani da ita a kan gyambon da ya ƙi warkewa. Gas ɗinta ana riƙe shi ƙasa da digiri 40, abin da ke aikin kuma shi ne gutsattsarin oksijin da naitirojin da filasmar ke samarwa idan ta haɗu da iska da danshin ciwo, waɗanda ke kashe ƙwayoyin cuta. Amma waɗannan sinadarai su ne kuma ke cutar da lafiyayyen nama idan sun yi yawa, ozon da oksaid ɗin naitirojin suna illa ga huhu, ga kuma hasken ultirabayolet da boltin dubbai a kusa da jiki. Rashin ƙuna ba shaidar rashin haɗari ba ne, don haka na'urar da ba a auna abin da take fitarwa ba bai kamata ta kusanci ciwo ba.

Idan kana da niyyar shiga fannin, ka ba awo muhimmanci tun daga farko, domin na'urar auna zafi ta yau da kullum zafin gas kaɗai za ta nuna maka, kuma filin lantarki na iya ruɗa ta. A ƙaramin matsi ana cusa siririyar wayar Langmuir a canza boltinta a karanta wutar da take ja, daga nan a fitar da yawan elektiron da rabon kuzarinsu. A cikakken matsi wannan waya ba ta da tabbas saboda yawan karo a cikin kubenta, sai a koma ga rarraba hasken da filasmar ke fitarwa: tsarin layukan jujjuyawar molikul ɗin naitirojin yana ba da zafin gas, ƙarfin layukan girgiza yana ba da ma'auni na uku, faɗin layin haidirojin kuma yana ba da yawan elektiron idan suna da yawa. Inda ake da kayan aiki, ana harba leza a auna hasken da elektiron ɗin suka warwatsa, wanda shi ne awon da ya fi kowanne kai tsaye.